Idan Wurin Aiki Ya Fi Ƙarfin Jiki ko Zuciya

Jawabin da ɗaya daga cikin ɗalibanmu na jami'a ya gabatar a taron tunawa da kafa ƙungiya



Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa (SAW), ina gaishe da malamanmu, da amir da amira, da dukan ƴan'uwa maza da mata da suka zo daga Magarya, Bande, Waca, Kwaya, Yekuwa, da waɗanda suka keto yashi daga Dungas, Dogo-Dogo, Guci da Malawa. Sannunku da hanya.

An ba ni minti kaɗan, kuma maganar da na ɗauko ba ta cikin waɗanda aka saba ji a irin wannan taro. Magana ce a kan afektasiyo, wato neman a canza maka wurin aiki, idan dalilinka naƙasa ne ko larurar ƙwaƙwalwa. Wani zai ce ina ruwan matasa da wannan? To, ku dubi zauren nan. Nawa ne cikinmu ƴan kwantiragi a lakwal? Nawa ne ke aiki a CSI ko ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye? Nawa ne suka ajiye dosiye suna jiran a kira su? Wanda bai fara aiki ba, yayansa ko yayarsa na ciki. Kuma sabon ma'aikaci, kun sani, ba a tambayarsa inda yake so. Inda aka jefa shi nan zai sauka.

Tun da aka raba Dungas da Magarya a 2011, kowace ta zama ma'aikatar kanta, amma yashin bai ragu ba. Akwai garuruwan da in ka bar kwalta sai kabu-kabu ko amalanke, in damina ta zauna kuma kwarin Korama ya ɗauki ruwa, sai a yi kwanaki ana kallon juna daga tsallake. Mai ƙafa biyu lafiyayyu ma yana ji a jikinsa. Yanzu ku ɗauki mushen da shan inna ya taɓa ma ƙafa tun yana yaro, yana dogara sanda, a ce kullum sai ya ratsa wannan yashi. Ku ɗauki madam mai ciwon emasi, wanda ƴan Najeriya ke ce ma sikila, wadda in ciwon ya tashi da tsakar dare sai an sa mata ruwa, wani lokaci har ƙarin jini, kuma asibitin da zai iya yana can nesa. Ku ɗauki mai farfaɗiya da maganinsa ba ya son a tsallake ko kwana guda. Waɗannan ana ganin larurarsu, ko ana iya nuna ta a takarda, duk da haka sai ka ga suna jin nauyin buɗe baki.

Akwai kuma waɗanda ba a ganin tasu. Saurayi ne, an kai shi gari bai san kowa ba, aji na zana, yara sun fi ƙarfin murya ɗaya, pekil ya makara. Sai barci ya ƙaurace masa. Sai abinci ya daina shiga. Ya tsaya gaban allo ya manta abin da zai rubuta, ƙirjinsa na bugawa kamar an biyo shi. In ya koma ɗaki ya rufe ƙofa, ko sallar jam'i ba ya iya fitowa. Mu kuma me muke cewa? Mushe ya cika girman kai. Mushe rago ne. Ko a ce an yi masa jifa. In ya yi ƙarfin hali ya faɗa ma wani, amsar da zai samu ita ce ya ƙara imani.

Jama'a, ciwon damuwa ciwo ne, yana da suna a asibiti, yana da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta a 2022 cewa ranakun aiki biliyan 12 ake asara duk shekara saboda ciwon damuwa da fargaba. Kuma kada wani ya ce mana ilimin Turawa ne. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafi a kan gyaran jiki da rai, ya raba baƙin ciki kashi biyu: wanda aka san sanadinsa, kamar rashin masoyi ko dukiya, da wanda ke sauko ma mutum ba tare da wani dalili na fili ba, ya danganta wannan na biyun da jiki, ya ce yana buƙatar magani. Sama da shekara dubu ke nan. Mu ne muka makara.

Abin da ya fi hana ƴan'uwa neman canji shi ne tunanin cewa neman sauƙi rashin tawakkali ne. Bari in tuna muku labarin Itban ɗan Malik (RA), yana cikin Bukhari da Muslim. Mutumin Madina ne, ya halarci Badar, shi ke limanci ga mutanensa Banu Salim. Sai ganinsa ya yi rauni. Tsakanin gidansa da masallacin mutanensa akwai kwari, in an yi ruwa kwarin ya kawo, ba ya iya ƙetarewa. Sai ya je wurin Annabi (SAW) ya faɗi halin idonsa, ya faɗi aikin da yake yi, ya faɗi abin da ke tare shi, sannan ya roƙi Annabi ya zo gidansa ya yi salla a wani wuri domin ya riƙe shi wurin salla. Ba a ce masa ya ƙara haƙuri ba. Ba a ce masa ai jarrabawa ce ba. Da hantsi ya yi sai ga Annabi (SAW) tare da Abubakar (RA), kuma bai zauna ba sai da ya tambayi Itban inda yake so a yi sallar.

Duk lokacin da na karanta wannan hadisi sai in ga kwarin Korama a gabana. Kuma ku lura da yadda Itban ya tsara buƙatarsa, domin wallahi babu wani anspekta da zai koya muku tsarin da ya fi shi. Larurar a taƙaice. Aikin da aka ɗora masa. Ainihin abin da ke shiga tsakaninsa da aikin. Sai mafitar da shi da kansa ya kawo. Bai tsaya ba da tarihin idonsa tun daga haihuwa ba, bai kuma ce a sauke masa salla ba.

Amma in an faɗi wannan, adalci ne a faɗi ɗayan. Abdullahi ɗan Ummi Maktum (RA), makaho, shi ma ya nemi a yi masa rangwame ya yi salla a gida saboda ba shi da ɗan jagora. Aka tambaye shi ko yana jin kiran salla, ya ce yana ji, aka ce ya amsa. Malamanmu na nan, su suka fi ni sanin yadda aka haɗa hadisan biyu. Abin da ni na ɗauka shi ne: ana duba halin kowa ne daban, ba kowace buƙata ake amsawa da to ba. Kuma wannan makahon dai shi ne ladan, shi ne wanda Annabi (SAW) ya riƙa bar wa Madina in zai fita. Wato naƙasa ba ta zama dalilin karɓe masa aiki ba.

To, me dokar ƙasarmu ta ce? Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008. Sashe na 1 na yarjejeniyar bai tsaya ga gurgu da makaho da kurma ba, ya haɗa da mai larurar ƙwaƙwalwa da ta daɗe tare da shi. Sashe na 27 ya yi magana kan aiki, ya ce a yi wa ma'aikaci gyaran da ya dace da halinsa, abin da a Faransanci ake kira aménagement raisonnable, muddin gyaran bai zama nauyin da ya wuce kima ga ma'aikatar ba. A cikin gida, a 1993 an yi doka mai lamba 93-012 da ta ce duk ma'aikatar da ke da mutum 20 ko fiye ta ware kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ga naƙasassu. A 2019 aka ƙara doka mai lamba 2019-62 kan shigar da su cikin harkokin ƙasa. Masu aiki da kamfani ko ƙungiyoyin agaji, ku riƙe sashe na 5 na kundin ƙwadago na 2012: ya hana mai ba da aiki nuna bambanci saboda naƙasa, ya ma ambaci emasi da sunanta. Ma'aikatan gwamnati kuma suna ƙarƙashin dokarsu ta 2007, kuma akwai kwamitin likitoci, Conseil de santé, da ake neman ra'ayinsa a kan lafiyar ma'aikaci.

Kada ku fita daga nan ku ce ɗalibi ya ce doka ta ba kowa Damagaram. Ban faɗa ba. Abin da dokokin nan suka ba ka shi ne ƙafar tsayawa: in ka nema, haƙƙi kake nema, ba bara kake yi ba, kuma ba a yarda a wulaƙanta ka saboda ka nema ba.

Yanzu ga yadda ake yi, kuma nan ne nake so masu biro su buɗe littafi.

Fara da likita, tun kafin ka fara da darakta. Yawancinmu sai abu ya ci tura, an yi wata biyu ba a barci, sannan a ruga a ce a ba ni takarda yau-yau. Likita ba zai rubuta abin da bai bi ba. In kana da kati, an ga ranar da ka fara zuwa, an ga maganin da aka ba ka, an ga komawarka, to takardarka tana da nauyi. Fara daga majon CSI, shi zai tura ka asibitin gunduma, daga nan in da buƙata babban asibitin Damagaram, inda ake ganin masu larurar ƙwaƙwalwa. Na san sunan da ke tsorata mu. Da an ce Pavillon E na Yamai, ko Dawanau ta Kano, sai mutum ya ga kansa cikin mari. Alhali da yawa daga masu zuwa ganin likitan ƙwaƙwalwa da ƙafarsu suke zuwa, su karɓi magani su koma bakin aikinsu. Addu'a da ruƙiya ba su hana wannan ba, kamar yadda ba su hana mai masassara shan maganin zazzaɓin sauro ba. Abin da nake roƙo kawai, kada wani ya sa ka ajiye maganin likita rana tsaka, kuma kada ka nemi ƙarfin aiki a tramol. Mun ga inda ya kai samarin garuruwanmu.

Sai maganar sirri, wadda a ganina ita ce zuciyar abin. Takardar neman afektasiyo ba hannu ɗaya take bi ba. Ga malamin firamare, daga darakta ne zuwa anspeksiyo, zuwa ma'aikatar ilimi ta gunduma, zuwa ta jiha a Damagaram. Kowane tebur akwai sakatare, akwai mai ɗaukar takarda, kuma garuruwanmu ƙanana ne, mai buga hatimi wataƙila maƙwabcin surukanka ne. Ga ƴar'uwa mace abin ya fi tsanani: kalma ɗaya ta fita, sai ka ji an fasa kawo kayan aure. Saboda haka ba dole ba ne sunan ciwonka ya hau kan takardar da kai ka rubuta. Likita yana da amanar sirri a kansa. Ka roƙe shi ya rubuta abin da ma'aikata ke buƙatar sani: cewa kana ƙarƙashin kulawarsa, kana buƙatar zama kusa da asibitin da ke bin lafiyarka, ko doguwar tafiya kan babur ba ta dace da kai ba. In hukuma ta nemi cikakken bayani, a sa shi cikin ambulan a rufe, daga likita zuwa likita. Kun tuna matar nan mai farfaɗiya da ta zo wurin Annabi (SAW)? Ta zaɓi ta yi haƙuri da ciwon, amma ta roƙi addu'a kada jikinta ya riƙa buɗewa in ta faɗi, aka kuma yi mata. Ko mai haƙuri yana da haƙƙin sutura.

Ita kanta takardar, shafi ɗaya ya isa. Rubutun hannu, da tambur in ana buƙata, da sunanka, lambarka ta aiki, inda kake da ranar da ka kama aiki a can. Sai ka bi sawun Itban. Kada ka rubuta cewa garin ba daɗi, mutanensa ba kirki, darakta ya tsane ka. Da ka rubuta haka, ka mai da maganar lafiya ta koma rigima, kuma wanda ka zarga shi ne hannu na farko da takardar za ta bi. Rubuta abin da kake iyawa kafin abin da ba ka iyawa. Sannan ka kawo wuri biyu ko uku, kada ka kafe kan ɗaya. Mai neman Damagaram kaɗai ana yi masa kallon mai son birni. Wanda ya ce Magarya, ko Bande, ko kowane gari bakin hanya mai CSI, an san lafiya yake nema.

Ba ma kowane canji ne sai an bar gari ba. Ku dubi ƴan'uwanmu ma'aikatan jinya a sashen yara na asibitin Magarya, garin da ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki tun 2005. Duk shekara in damina ta yi nisa, zazzaɓin sauro da tamowa suka haɗu, gadaje kan cika. Mutum ya yi dare bayan dare yana fama, wasu yaran su tashi, wasu Allah ya karɓi abinsa a hannunsa. Zuciya nama ce. Irin wannan ma'aikaci, in abin ya fara bin sa har cikin barci, wataƙila abin da yake buƙata shi ne a ɗauke shi daga aikin dare na wani lokaci, ko a mai da shi wani sashe. Malami mai sanda wataƙila ajin da ke kusa da ƙofa ya ishe shi, ko ɗaki kusa da lakwal. Nemi ƙaramin kafin babban, ya fi saurin samuwa.

Yi fotokopi na komai. In ka miƙa, nemi a sa maka lamba da kwanan wata a kan kwafinka. Na taɓa raka wani ɗan'uwa bin sawun takardarsa a wani biro, muka yi sawu uku, a na huɗu aka ce ba a taɓa ganinta ba, kuma ba mu da ko tsinken da za mu nuna. Sannan ka lura da lokaci. Ga malamai, a lokacin bakansi ake zaman raba wurare, kafin komawar Oktoba. Wanda ya kai tasa bayan an fitar da sunaye, sai dai in larura ce ta gaggawa, zai iya jiran shekara guda. Ɗan kwantiragi ya je wurin wakilin sandikarsa tun da wuri ya ji yadda tsarin nasu yake. Mai naƙasa kuma ya nemi wakilan tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu ta ƙasa, FNPH, sun daɗe a wannan gwagwarmaya, sun san ƙofofin.

Abu ɗaya da zan ɗaga murya a kansa: kada ka bar wurin aikinka ka tafi gida shiru. Na san mai ciwon damuwa abin da ransa ke faɗa masa ke nan, ya kashe waya ya ɓace. Amma a idon hukuma sunan wannan gudun aiki, a tsayar da albashi, daga baya ko ka kawo takardar likita sai a ce yanzu ka ƙirƙiro ta. In jiki ya ƙi, karɓi hutun rashin lafiya a rubuce, ka aika wa darakta. In an ƙi buƙatarka, sake rubutawa, ka ƙara sabuwar takardar likita, ka nemi a kai maganar gaban kwamitin likitoci.

Yanzu bari in taɓa inda ke mana ƙaiƙayi. Me ya sa shugabanni ke yatsina fuska in sun ga takardar likita? Saboda mu. Saboda lafiyayyen da ya je ya samo takardar ƙarya don kada ya kwana a ƙauye. Saboda mai uwa a gindin murhu, abin da ƴan boko ke yi wa laƙabi da PAC, dangi da abokai da sanayya, wanda waya ɗaya ta ishe shi. Duk takardar ƙarya da ta wuce, ta cinye gurbin mai emasi na gaske, ta kuma sa an daina yarda da na bayansa. Wannan shaidar zur ce, kuma kun san a jerin manyan zunubai aka ambace ta. Akwai kuma waɗanda ba sa cikin zauren nan: yaran can ƙauyukan Malawa ko Dogo-Dogo, waɗanda in mushensu ya tafi ba a kawo wani ba, shekararsu ta tafi ke nan. Su ma suna da haƙƙi a kanmu. Shi ya sa nake ganin musanya ta fi komai tsabta in ta samu: ka nemo abokin aiki da ya yarda ya karɓi wurinka, ku rubuta tare, aji bai zauna ba malami ba. Kuma ga ku nan, lafiyayyu, marasa iyali tukuna. Wa zai ce ni zan karɓi wurin ɗan'uwana na shekara biyu? Muna yawan maganar sadaukarwa a wa'azinmu. Ga wata nan da ba ta buƙatar lasifika.

Amma fa kada wannan ya zama sandar dukan mara lafiya. Malamin da ke tsaye gaban allo hankalinsa ba ya jikinsa, yaran ba su samu malami ba, shi ma bai samu lafiya ba. Kuma mu ƴan ƙungiya ba mu ne kwamitin likitoci ba. In ɗan'uwa ya ce maka ba ya iyawa, kada ka ce masa ai ga ka nan garau. In kuwa ya fara cewa ya gaji da duniya, ko gara a ce ba shi, to wannan ba maganar takarda ba ce kuma. A ranar za ku ɗauke shi zuwa asibiti, kada a bar shi shi kaɗai, ko da zai yi fushi da ku.

Ina da roƙo ga amir da amira kafin in zauna. A zaɓi mutum biyu cikinmu, namiji ɗaya mace ɗaya, waɗanda aka shaida bakinsu yana da nauyi, kuma sun iya rubuta takardar hukuma da Faransanci. Duk wanda ke cikin wannan hali ya san wurin wa zai je, ba sai ya tsaya gaban shura ya tona kansa ba. Kuɗin mota zuwa Damagaram da na fotokopi, ƴan jikkuna ne, asusunmu zai iya. Mu kuma da ke Jami'ar André Salifou, mun yi magana tsakaninmu: wanda aka turo ganin likita, za mu tarbe shi a tasha, mu raka shi asibiti, in layi ya yi tsawo ya kwana a ɗakinmu. Ƴan'uwa mata, ɗalibai mata sun ce su ma haka. Bayan an tashi ina nan bakin ƙofa, wanda ke so ya ga samfurin takardar, na zo da kwafi ashirin.